Hannun da Ya Kama Ƙafar Mai Fito

Tunda ka ce gobe za ka fara zuwa wurin masu sauraron damuwa, kuma gabanka sai faɗuwa yake yi, zauna in ba ka labarin wani mai fito.

Mutumin nan ya yi shekara ashirin yana ƙetarar da mutane kogi a kwale-kwalensa. Wata ranar kasuwa da damina, suna tsakiyar ruwa iska ta taso, jirgin ya kife. Aka tsamo mutum tara da rai, biyu kuwa sai washegari aka gan su cikin ciyawar gaɓa. Kowa ya ce ƙaddara ce, aka yi jana'iza, aka watse. Shi dai mai fito bai sake taɓa filafilin tuƙa jirgi ba. Da rana tsaka yana zaune a gindin tsamiya sai ya ga ƙasa ta zama ruwa, kaji suna yawo a kai kamar ba komai, muryar matarsa tana iso masa can ƙasa-ƙasa kamar daga wancan ƙetaren. Tuwo ya koma masa yashi a baki. An yi addu'a, an sha rubutu, zuciya ta ɗan yi sanyi, amma ruwan bai janye ba. Daga ƙarshe yayarsa ta tasa shi gaba har asibitin gari, wurin wata mata da ta yi karatun lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ya shiga yana tsammanin allura, ko a ce ya taɓu a tsare shi. Sai ya tarar da kujeru biyu, taga a buɗe, labule yana kaɗawa a hankali. Matar ta gaishe shi, ta ce, "Baba, abin da ka faɗa a ɗakin nan, nan zai tsaya, sai fa in rai ne ke cikin haɗari." Ta tambayi barcinsa da cimarsa, da wanda yake hira da shi in abu ya dame shi. Ba ta katse shi ba, ba ta kuma matsa masa ba. Ya fito yana jin haushi, ko ƙwaya ɗaya ba a ba shi ba. Don kunyar yayarsa kawai yake komawa kowace Talata. In ya je sai ya zayyana labarin iska da igiyar ruwa da kifewar jirgi, tsaf, yadda ya faɗa wa mai gari, ba ragi ba ƙari. Matar asibitin ta koya masa jan numfashi, da kiran sunayen abubuwan da ke gabansa idan ruwan nan ya taso masa: ga turmi, ga igiyar shanya, ga akuya. Abin ya ɗan taimaka. Amma yakan dawo gida jikinsa ya fi nauyi, har ya ce mata zai daina zuwa. Ta ce haka yakan faru, in aka motsa tabki sai ya gurɓace kafin ya kwanta.

A zuwa na biyar yayyafi ya sauko suna zaune, ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, ya ji ɗakin yana lilo da shi kamar jirgi a bakin gaɓa. Matar ta ce, "Baba, kullum jirgi yakan kife, sai kuma ga ka a tudu. Me ya faru a tsakani?" Ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta dama. Sannan ya faɗi abin da ko matarsa ba ta sani ba. A ƙarƙashin ruwa wani hannu ya kama masa idon sawu yana jan shi ƙasa, shi kuwa ya yi ta shuri har hannun ya sake. Bai san hannun wane ne ba. Wataƙila na waɗanda suka rayu ne, wataƙila na ɗaya daga cikin biyun nan. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ran jana'iza. Matar ba ta zabura ba, ba ta kuma yi gaggawar wanke shi ba. Sai da ya lafa ta ce jikin da ke nutsewa iska yake nema, ba ya shawara da mai shi. Ta ce, "Wata bakwai kana ɗauke da wannan kai kaɗai. Yau mun zama mu biyu."

Ba ranar ya warke ba. Ya yi watanni yana zuwa, wani mako gaba, wani mako baya. Amma daga ranar ne maganar ta fara kama ƙasa. Ya faɗa wa matarsa. Ya je ya gaida iyalan mamatan nan biyu, waɗanda a da yake canza hanya don kada su haɗu. Da wata damina ta wuce kogi ya ja baya, sai ya riƙa zama a gaɓa ƙafafunsa cikin ruwa, ƙananan kifaye suna taɓa shi suna gudu. Wata safiya wata tsohuwa ta iso da tulin ƙorai tana neman mai ƙetarar da ita, babu kowa a mashigi. Ya dube ta, ya dubi ruwan. Ya tashi ya kwance igiyar jirgi, ya ce, "Shigo, Inna, ki zauna a tsakiya."

Saboda haka in ka je gobe, kada ka sa ran za a cire maka ciwon kamar ƙaya, kada kuma ka ji kunya in bakinka ya yi nauyi a farko. Mai fito ma sai da ya yi mako huɗu yana kewaye-kewaye. Amma sauƙi bai fara zuwar masa ba sai da ya buɗe wurin da yake rufewa. Hausawa dai sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.