Injin da Aka Hana Rawa

Ka ce mini abin da ya same ka tsautsayi ne, rana ɗaya ya faɗo maka. To, na ji. Amma ni na gaji da jin ana ɗora wa rana ɗaya laifin shekaru. Gyara zama in ba ka misali.

Wani mutum ya gaji injin niƙa daga mahaifinsa, a cikin wani soron ƙasa mai rufin azara, jikin gidansu. Da injin nan yake ci da iyalinsa, ba gona gare shi ba, ba wata sana'a. Tsohon ya ɗora injin ne a kan gumagumai biyu, ya shimfiɗa yankakkiyar taya a ƙarƙashi, saboda haka in aka tayar da shi sai ya riƙa rawa kamar an sa masa kalangu. Mata masu kawo niƙa suka sami abin tsokana. Wannan ta ce a yi wa injin liƙi, waccan ta ce ai ya fi mai shi fara'a. Mutumin kuwa ba ya ɗaukar wasa. Ran nan ya zuciya, ya zare tayar ya yar, ya kira magini aka zuba kankare tun daga gindin injin har jikin bango, aka ɗaure ƙafafunsa da notuna. Inji ya tsaya cak, mata suka daina tsokana, gogan ya sami abin da yake so. Sai dai girgizar ba ta mutu ba. A da taya ke shanye ta, yanzu kuwa ba ta da wurin zuwa sai ƙasa da bango. Ba a jima ba noti guda ya saki, ƙafar injin ta sami ɗan sararin da ko farce ba zai shiga ba, ta riƙa ɗagawa tana dawowa, tana bugun kankaren a kowane juyi. Bugu ne da ko ƙwai ba zai fasa ba. Amma kowane bugu yana ƙara buɗe sararin, sararin kuma yana ƙara wa bugun ƙarfi. Mutumin yakan ɗaure notin da safe, kafin azahar ya sake saki, har ya gaji ya ƙyale shi. Kunnensa ma ya saba da ƙarar, ya daina jin ta.

Matarsa ce ta fara lura, don bango ɗaya ya raba soron da ɗakinta. Ta gaya masa kwanukanta na kaɗawa su kaɗai, ruwan randa kuma ba ya kwanciya muddin inji na aiki. Ya shigo fari fat da gari, kafaɗa na ciwo, ya ce ta bar shi ya huta. Bayan wani lokaci ta tare shi ta ce, "Maigida, ƙasa fa ta fara zuba daga rufi." Ya ce gara ce, zai duba bayan kaka. Da kaka niƙa ya yi yawa, da bazara ya ce sai zafi ya sauka, da damina ya ce ba a taɓa rufi cikin ruwa. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce kawai irin wadda ke damun kowa, ni ma na san ta. Duk wannan lokaci bakin azarorin na zamewa daga bango, yau kaurin gashi, gobe kaurin gashi, ba mai gani. Wata safiya da ba ruwa ba iska, wata tsohuwa ta kawo ɗan geron da za ta dama wa jikokinta kunu, bai ko cika ƙwarya ba. Ya tayar da inji, ya zuba geron, ya fita ɗebo ruwan sanyaya injin, tsohuwar na zaune a waje. Bai kai bakin rijiya ba rufin ya rufto. Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu, amma da aka tone ƙasar aka tarar injin ya tsage gida biyu, makaniki ya duba ya ce ba gyara.

Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa tsohuwar nan farar ƙafa gare ta, daga zuwanta soro ya faɗi. Ta koma gida tana kuka, ba gari ba gero, ni kam ita na fi tausayi. Mutumin yanzu dako yake yi a kasuwa da furfurarsa, kuma in ka zauna da shi zai rantse maka da ba don ƙwaryar geron nan ba, da har yau yana da injinsa. Ya manta da abin da Hausawa suka ce: yau da gobe kan sa allura ginin rijiya.