'Yan Sama Jannati da Takalmin Ruwa

Saura kwana biyu a buɗe baje kolin zane-zane, mai gidan baje kolin ya tsaya gaban babban zanen yana girgiza kai.

"Malam, goge takalman nan. Ina ka taɓa ganin ɗan sama jannati da takalmin ruwa? Kamun kifi za su je?"

Mai Taurari, sunan da 'yan jarida suka laƙa wa mai zanen ke nan, ya ci gaba da wanke buroshinsa. Shekara goma sha biyar, ko sha shida, Allah masani, yana zana mutanen nan: farar riga har ƙasa, gilashi a fuska, ba a ganin idon kowa. Da su ya yi suna, da su ya bar ɗakin haya mai yoyo. Masana sun rubuta cewa tunaninsa ya riga zamaninsa. Shi dai ya san tun yana ƙarami yake mafarkinsu, a gidan gwaggonsa da ta riƙe shi bayan mahaifiyarsa ta yi tafiya. Gwaggo kuwa mace ce mai ƙarancin magana, ta rasu ba ta faɗa masa komai ba.

Zanen nan shi ne mafi girma da ya taɓa yi. Mutum biyu ɗauke da wani dogon farin ƙunshi, sun nufi kumbo mai buɗaɗɗen baya. Na uku na biye da su, da tulu a gadon bayansa.

Sau uku ya shafe takalman da farin fenti. Sau uku hannunsa ya mai da su. In babu su sai ya ga mutanen sun zama ƙarya, wani wari mai yaji ya cika masa hanci, ba warin fenti ba.

"Ko ka goge, ko in sauke shi," in ji mai gidan. "Ba za a yi mini dariya a gidana ba."

Bai goge ba. Aka sauke zanen, aka jingine shi a lungu kusa da ƙofar baya, inda ake ajiye tsintsiya da bokiti.

Ranar buɗewa ya kasa zama cikin masu tafi. Ya zagaya lungun, sai ya tarar da wata tsohuwa da ta ɓata hanyar fita, ta dogara sandarta, ta ƙura wa zanen ido.

"Ɗan nan, kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Inna. An ce na yi kuskure a takalman."

"Takalma daidai suke. A salatif ɗin da aka naɗe wuyan hannu da shi ka kuskure. Mukan lanƙwasa bakinsa, don ya yi saurin cirewa in an fito."

Ya dube ta. "Kukan lanƙwasa?"

Ta kai yatsa kan mai tulun.

"Wannan ni ce, mai feshin magani. Shekarar annoba, a tantin killace marasa lafiya. Yaro ɗaya ne ya gan mu a haka, kai ne yaron da ke leƙe ta ƙasan gado. Ka yafe mana, ɗana, doka ce ta hana mu barinka ka taɓa gawar mahaifiyarka."