Tikitin Mahbub

Kullum da hantsi Bushira na ƙofar wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta a Gwarzo, goye da 'yarta, tana jiran Malam Dalhatu ya leƙo.

Nan mijinta Mahbub yake aiki. Tun farkon damina ya hau babur zai je Dugabau gaida bappansa, bai isa ba, bai kuma dawo ba. Aka bi daji, aka bi asibitoci, har aka gaji. Dalhatu, abokin aikinsa da ya raka shi bakin titi ran nan, shi kaɗai bai fid da rai ba.

Shi ya fara nuna mata allon kwamfuta. Ya ce su a nan ba a shiga ko'ina sai da tikiti. Ma'aikaci zai buga kalmar sirrinsa, babbar na'ura ta tabbatar shi ɗin ne, sannan ta yanka masa tikitin wuni guda. Ko daga nesa ana iya nema.

"Kin gani, yau ma an yanka da sunansa. Yana raye, Bushira. Masu riƙe da shi ne dai ba su bari ya yi magana."

Ta yarda, don ta san mijinta. Ko ita bai taɓa gaya wa kalmar nan ba. Cewa yake sai dai a ɗora masa wuƙa a wuya.

Saboda tikitin ta hana surukarta, Inna Sabuwa, zaman makoki. Saboda shi dangi suka janye ƙafa daga ofishin 'yan sanda, tunda Dalhatu ya ce matsa bincike zai sa a hallaka Mahbub.

Wata Talata ta zo ta tarar babu Dalhatu, zazzaɓi ya kwantar da shi. Rahama, sabuwar ma'aikaciya, ta ji tausayinta, ta ba ta kujera ta duba mata.

"Yau ba a yanka ba, Yaya."

Bushira ta ɗora hannu a ka. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ke nan, sun kashe shi."

"Tsaya tukuna. Ai kowane tikiti na ɗauke da adireshin inda aka nemo shi. Ba a taɓa nuna miki ba?"

Bushira ta girgiza kai, ta miƙe tana gyara goyo. "Wane gari ne? Wallahi ko ina ne, yau zan je."

Rahama ta koma kan allon. Ta duba na jiya, ta duba na shekaranjiya, ta yi ta komawa baya har farkon damina. Sai ta ɗauke hannu daga kan na'urar, ta tashi ta tura ƙofa.

"Ba gari ba ne, Yaya," ta ce. "Duk daga kwamfutar Malam Dalhatu aka nema."