Aikin Lada a Fordsburg

A taron matan Bangladesh da ke zaman baƙunta a unguwar Fordsburg, Rehana ta miƙe tana taƙama.

"Anti Shirin, aikin da kika ba ni ya kammalu. Wata uku kullum ina kai wa Dilruba shayi. Kaɗaici ya sake ta, har dariya take yi."

Dilruba ta ajiye samosarta. "Ni? Ai ni Anti ta roƙa in riƙa buɗe miki ƙofa. Wai tun zuwanki garin nan da bango kike hira."

Suka juya ga shugabar tasu.

Anti Shirin ko a jikinta. "To, wacece ba ta warke ba? Akwai baƙi biyu a benenku, kowacce ta ɗauki ɗaya. Kuma ku iya bakinku."