Tunkiyar Kaltume

"Komiser, tunkiyata ta sake ɓacewa," in ji Kaltume daga bakin ƙofa.

Illo na kwance kan tabarma. Kwana huɗu ke nan zazzaɓi ya kayar da shi, ba wanda ya leƙo. Shekara goma sha biyu ya yi yana fitowa a talabijin a Yamai a matsayin Komiser Dambo, ɗan sandan da ɓarawo ba ya tsere masa. Da aka daina shirin, ya dawo Dogon Dutsi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa na nesa, samarin unguwa kuwa ba su ma san fuskarsa ba.

Maƙwabciyarsa Kaltume kaɗai ke kiransa Komiser. Duk Laraba sai tunkiyarta ta ɓace. Sai ya sa tsohuwar hularsa ta fim, ya bi sawu, ya samo ta bayan makaranta. A dama masa fura a tsakar gidanta, ya yi ta ba jikokinta labarin Yamai har la'asar.

Yau kam ya kasa haɗa ido da ita.

"Kaltume, ki yahe mini. Ni nike kwance ta duk Laraba. Amma wanga karon wallahi ba ni ba ne, ɓarawo ne na gaske."

Ta aje kwanon kunu a gabansa.

"Na sani tun ranar hwarko, ai ta taga nike ganinka. Yau na jira har azahar ba ka zo ba, sai na kwance ta da kaina. Sha, ka tashi mu tahi nema."