Hoton Cikin Durowa

"Likita, bar ni da sigarina. Kakana ya sha taba har ya shekara casa'in."

Likita bai yi musu da direban ba. Durowa ya ja, ya zaro wani tsohon hoton ƙirji, ya ɗaga shi saitin taga, babban yatsansa ya rufe sunan kamar kullum. Ciwo ya cinye huhun hagu.

Dariyar direba ta ɗauke. "Kwali nawa yake sha a rana?"

"Ko kara ɗaya ba ta taɓa sha ba. Mijinta ne mashayin. In ya dawo aiki sai ta zauna gefensa a falo, ta ce hayaƙin ba ya damunta, ita dai ta gan shi kusa. Shekara goma sha takwas suna haka." "Kuma ya fi kowa sanin illar, don likita ne."

Ya janye yatsan, ya shafa sunan marigayiyar matarsa a hankali.

"Wadda ke tari a bakin ƙofa iyalinka ce? Shigo da ita, malam. Ita zan fara dubawa."