Wuƙar Kwalekwale

"Wa ya taɓa yin wannan kafin ke?" Farfesa ya tambaya, yana juya wuƙar da ɗalibarsa ta ƙera wa goshin kwalekwale, don yanka ciyawar da ta shaƙe tafkin ƙauyensu.

"Babu kowa, Malam."

"To da wane littafi za ki kafa hujja? Sake wani aikin."

Ta sake har ta gaji. Ƙarshe ta kwafi abin da na gabanta suka kwafa, aka tafa mata.

Ranar da ta komo daga Kwatano sanye da rigar digiri, kwalekwalen da babanta ya ɗauko ta a ciki ya maƙale a ciyawa tsakiyar tafki.

"Injiniya," ya ce yana haki, "ina wuƙar tamu?"

"Ta faɗi jarrabawa, Baba."

Ta naɗe hannun riga, ta fara tsige ciyawar, yadda kakarta ke yi.